Kwanon da Muka Kai wa Dada

Mun bar Jimeta ana idar da sallar asuba, ni da abokin aikina, da mai aikin, da ƙanensa. Ku da kuke ta tambayata ina na shiga makon jiya har rumfata ta kwana a rufe, to ga labarin, ku ji shi sau ɗaya ku bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni kafinta ne. A unguwar Gwadabawa ta nan Jimeta aka haife ni, kakana daga Kano ya zo da gizagonsa, kuma tun da aka gama yaƙin basasa kwano ya dawo kasuwa ban rasa bangon da zan hau ba. Mai aikin akawu ne a wani ofishin gwamnati. An ce za a ɗauke shi zuwa Maiduguri, shi ne yake so kafin ya tafi ya rufa wa mahaifiyarsa ɗaki da kwano a Karlahi, can gindin duwatsun Vere. Ƙanen nasa a filin jirgin sama yake aiki, cikin masu auna ruwa da iska. Abokin aikina kuwa mutumin Numan ne, mun daɗe tare. Ba ya son magana, amma ban taɓa ganin ƙusarsa ta lanƙwashe ba.

Tun ranar da akawu ya zo min da maganar na ce masa lokaci ya ƙure, bazara ta yi nisa, sama ta fara zuba jefi-jefi. Ya ce sai yanzu aka ba shi hutu. Na ce to, ga yadda za a yi: mu isa, mu harhaɗa katako a ƙasa, mu kwana, da sassafe a kware tsohuwar jinka, kafin rana ta yi tsaka mun rufe. Ya yarda. Ya ce ma ya riga ya aika wa mutanen garinsu cewa ranar kasuwa muna tafe da sabon rufi, su zauna da shiri.

Motar da muka samu tsohuwa ce mai bodin katako, irin ta 'yan cin kasuwa. Aka shimfiɗa kwanonmu a ƙasa, aka ɗora katako, aka ɗora buhunan gishiri, sannan aka ɗora mu. Kafin mu wuce Bako a cikin Yola gari ya waye, mata masu tallan nono suna shigowa a jere da ƙore a ka. Daga nan kwalta ta yi mana sallama. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, duk ramin da motar ta faɗa sai kwanon ya amsa daga ƙarƙashinmu. Akawu ya riƙa leƙawa yana shafa shi, wai kada ya lotsa.

Mun tsaya a bakin wani rafi da yashi ya cinye, aka ce kowa ya sauka a tura mota. Bayan mun tsallake muka samu wata mata da tukunyar kunun gyaɗa da ƙosai. Kunun ya ji tsamiya, ba irin tsararon da ake sayar mana a tasha ba. Har yanzu mutanen wajen da sule suke ciniki, in ka ambaci naira sai su dube ka kamar ka yi wani yare. Mangwaro kuwa ba a ma tayawa, a ƙasa yake zube awaki na zaɓar wanda suke so. Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu, sai dai wani irin zafi mai ɗanko da ke manna maka riga a baya tun da hantsi. Ƙanen akawu ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da suka fara bayyana a gabanmu, ya ce wannan zufar ba ta yi masa ba.

Karlahi ƙaramin gari ne, kasuwa a gefe guda, gidaje a warwatse cikin bishiyoyi, dutse a bayansu. Motar ta kai mu har ƙofar gidan. Abin da na fara gani shi ne maza cike da fili, sun yi ɗamara, wasu da gwafanni a hannu. Abu na biyu da na gani shi ne: ɗakin tsohuwar a buɗe yake, bango huɗu tsaye ƙarƙashin rana, babu rufi.

Ga abin da ya faru. A garin, in za a sake wa ɗaki rufi, a ƙasa ake ɗaure sabuwar jinka a baibaye ta tsaf. Ranar gayya sai a sauke tsohuwa da asuba, maza su kinkimi sabuwa su ɗora, kafin kunu ya huce an gama. Da saƙo ya iso cewa ana tafe da sabon rufi daga Jimeta, sai suka yi abin da suka saba. Suka sauke tsohuwar da sassafe, suka tsaya jiran mu sauko da rufin kwano a ɗaure, su ɗaga su ɗora. Wani dattijo ya zagaya motar, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya tambayi direba cikin ladabi ko rufin yana mota ta biyu ne. Da aka nuna masa falle-fallen kwano da tarin katako, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe aikin ko farawa ba a yi ba.

Na ce a mayar da tsohuwar jinkar kafin gobe. Aka kai ni na gan ta. Gara ta gama da gorar, wajen saukewa ta rabe biyu, sai ciyawar aka tara gefe. Na nemi tamfol ɗin mota, direba ya ce gishirin mutane fa, kuma kasuwar gaba zai wuce. Ban ga laifinsa ba.

Muka shiga gaida mai ɗakin. Dada suke ce mata, kamar yadda ake kiran uwa a nan. Tsohuwa ce siririya, idonta ya daɗe da rufewa. Mun same ta zaune a bakin gadonta a tsakiyar rana, ta yafa zane a ka. Ɗakin mai kusurwa huɗu ne, marigayi mijinta ya gina shi da jar ƙasa, bangon bai fi kaurin tafin hannu biyu ba, ga tsaga a kusurwar gabas. Ina ganinsa na san in ruwa mai ƙarfi ya sauka a kan bangon nan tsirara, ba zai kai gobe ba.

Akawu ya durƙusa ya roƙe ta da Fillanci a fitar da ita da kayanta zuwa ɗakin maƙwabta. Ta ƙi. Ƙanen ne ya fassara min. Ta ce a cikin ɗakin nan ba ta bukatar kowa. Ta san taku nawa ne daga gado zuwa randa, ta san inda buta take, da ƙwaryar goro, da ƙusar da take rataye carbi. In aka taɓa mata abu ɗaya, ta koma abar ja da sanda. In kuwa aka kai ta wani ɗaki, ko ruwa sai ta roƙa. Daga nan ta juyo wajen da ta ji numfashina, ta yi min Hausa.

"Kai ne kafinta? Ka yi aikinka a sama, ni ina nan a ƙasa. Kada dai ka yar min da guduma a kai."

Na ce in Allah ya so ko ƙusa ba za ta faɗo ba. A raina kuwa na san abin da ke wuyana. In bangon nan ya zube, za a iya gina mata wani, amma ba za ta ƙara zama mai ikon kanta ba.

Muka tuɓe riguna. Akawu yana son rufi mai tsayi wanda za a hango daga hanya, na ce masa yau ba ranar ado ba ce, gajere za mu yi mai gangare biyu. Abokin aikina ya kama zarto, ni na hau bango ina kafa azara, ina ɗaure ta da waya. Mutanen gayya suka zama masu miƙo kaya. Mutum ɗaya ya isa miƙo katako ɗaya, amma sai ka ga hannaye sun yi masa yawa, kowa na son a ce da shi aka yi.

Wajen tsakar rana fararen gajimare suka fara fitowa a kan duwatsu, ƙanana, kamar an baza auduga. Ƙanen akawu yana tsaye a kan tsani yana miƙo min ƙusa, na ce masa tunda aikinsa ke nan, ya gaya min abin da ake dafa mana a can. Ya yi min bayani dalla-dalla, ina bugu ina saurare. Ya ce ƙasa ta sha ɗan ruwa kwanan baya, yau kuma rana ta gasa ta, to iskar da ke kwance a kanta ta yi zafi ta ɗauki laima. Iska mai zafi ba ta zama a ƙasa, tashi take yi, in ta ci karo da dutse ma sai ya ƙara tunkuɗa ta sama. Can sama kuwa sanyi ne. Da laimar ta isa inda sanyi ya kama ta, sai ta koma ɗigo-ɗigo, kamar yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya. Shi ya sa gindin gajimaren yake a shafe, duka a layi ɗaya, don a daidai nan sanyin yake fara kama su. Ya ce muddin suna nan a baje ba komai. Wanda za a ji tsoro shi ne wanda ya fara hawa kan kansa yana tsayi.

Na tambaye shi ko zai zubo a kanmu. Ya ce wannan ko shugabansu a ofis ba zai rantse a kai ba. Sun san yadda hadari ke haɗuwa, amma gidan da zai zaɓa sai ya iso.

Bayan azahar ɗaya daga cikin gajimaren ya yi duhu, ya taso. Muka ga ruwa yana sauka daga gindinsa kamar an saki labule, ya nufi kasuwa. Muna kan bango muna kallon 'yan kasuwa na gudu da tabarmi a ka, mu kuwa rana na dukan ƙeyarmu. Ɗigo kaɗan ne suka iso mu, manya-manya, suka bushe nan take a kan katako. Wani da ya dawo daga kasuwa jiƙe sharkaf ya ce a bakin masallaci ruwan ya tsaya, rabin hanya laka, rabi ƙura. Mutane suka yi hamdala, wasu har suka fara cewa an tsallake. Ƙanen akawu kuwa gabas ya nuna min da haɓa.

Na taɓa ganin hadari iri-iri, amma ban taɓa tsayawa na ga ana gina shi ba sai ran nan. Daga bayan dutsen ya taso, fari fat daga sama, yana kumbura yana tuttuɗowa, wani ƙullutu na fitowa daga cikin wani. Duk sanda na buga layin ƙusa na ɗaga kai, sai in ga ya ƙara tsayi. Can sai kansa ya daina hawa, ya baje gefe guda ya yi faɗi kamar uwar maƙera, gindinsa kuma ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Ƙanen ya ce kan nan da ya baje ƙanƙara ce zalla, ya kai inda ba zai iya wucewa ba. Yanzu ɗigon da ke ciki sun yi nauyi, za su fara faɗowa, su janyo iskar sanyi ta sama su sauko da ita. Iskar ce za ta riga ruwan isowa.

"In ka ji sanyi a bayanka, ka sauko," in ji shi. "Ba na wasa. Kwano da tsawa ba sa shiri, kuma falle ɗaya in iska ta ɗauke shi zai iya fille wuyan mutum."

A lokacin mun rufe gefe ɗaya, muna tsakiyar na biyu. Gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, sai cida daga nesa kamar ana mirgina turmi. Muka daina bin ƙa'ida. Inda ya kamata a buga ƙusa a kowane tudu, muka riƙa tsallakewa, falle dai ya kama. Abokin aikina yana ɗorawa ina bugawa. Daga ƙasa ina jin muryar Dada tana tambaya ko an kusa, ta ce ta ji ƙamshin ruwa.

Muna kan falle na ƙarshe sanyin ya taɓa min baya. Gumin da ke jikina ya daskare. Bishiyoyin bakin gari suka sunkuya gaba ɗaya, ciyayi da ganye suka tashi sama. Kwanon da ke ƙarƙashina ya fara numfashi, yana ɗagowa yana komawa, na san ƙusoshin da muka tsallake za su nemi hakkinsu. Na buga na ƙarshe na diro. Abokin aikina ne ya yi dabara. Ya kwaso igiyoyin da aka sauke jinka da su, ya wurga su ta kan rufin, ya ce wa jama'a da Hausarsa ta Numan kowa ya kama ya rataya. Nan fa mutanen gayya suka samu aikin da suka zo yi tun asuba. Suka rabu gida biyu, suka rirriƙe igiyoyi, suka kafa ƙafa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, suna tsaye a ciki suna danne rufin, har da masu dariya.

Ni da akawu muka shiga ciki duba yoyo. Ko ɗigo babu. Na dubi bango, a bushe. Akawu ya kama hannuna yana girgizawa, bakinsa na motsi, amma ban ji abin da yake cewa ba, don ƙarar ruwa a kan sabon kwano marar silin ta cika ɗakin kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Ni na saba, ban ɗauke ta komai ba. Sai da na waiwaya na ga Dada.

Ta miƙe tsaye, zanen kanta ya zame, ta miƙa hannu biyu gaba tana lalube. Tana kiran ɗanta, yana nan kusa da ita yana amsawa, ba ta ji. Ta yi taku, ta juya, ta sake juyawa, ta rasa gabas. Matar da ta ce ba ta bukatar kowa a ɗakin nan ta yi karo da randarta har ruwa ya fantsama. Da ɗan ya riƙo kafaɗarta ta firgita ta ƙwace, don ba ta ji zuwansa ba. Da ƙyar ya zaunar da ita, ta toshe kunnuwa da tafin hannu. Na ji tausayinta ƙwarai, kuma na ji kunya, ina tsaye da guduma a hannu.

Irin wannan ruwan ba ya daɗewa. Kafin la'asar sakaliya ya ɗauke, rana ta leƙo, rafuka na gudu a kan hanya, yara da awaki duk sun fito. Mutane suka taru suna yaba rufi, suna yi wa akawu barka. Dada ta bari sai da ɗakin ya rage mu kaɗai, sannan ta yi magana a hankali, da Hausa don ni ma in ji.

"Allah ya yi muku albarka, bango bai faɗi ba. Amma ɗana, ido ya daɗe da tafiya, kunne ne ya rage min. Da shi nake sanin ƙofa, da shi nake sanin wa ya shigo. A ƙarƙashin ciyawa ina jin ruwa, ina jin kaza, ina jin mai sallama. Yau ban san ko a duniya nake ba."

Akawu ya miƙe. Ya fita ya tsaya yana kallon rufin, yana walƙiya cikin ranar yamma, daidai yadda ya yi ta kwatanta min a mota. Ƙanen ya matsa kusa da shi, ya kira shi yadda suke kiran yaya a nan, ya ce, "Hamma, damina yanzu ta fara, kuma kai Maiduguri za ka tafi."

Washegari da safe muka hau muka cike ƙusoshin da muka tsallake. Sannan muka kafa gora a kan kwanon, aka kwaso ciyawar tsohuwar jinka, aka ƙara da sabuwa daga maƙwabta, mutanen gari suka baibaye rufin tun daga baki har tsororuwa. Akawu da kansa ya riƙa ɗauko dammunan ciyawa a ka, da farar rigarsa ta ofis. Da aka gama, in ka tsaya a hanya ba za ka ce akwai falle ɗaya na kwano a gidan ba. Dattijon nan da ya nemi mota ta biyu ya ce bai taɓa ganin an sayi abu mai tsada an ɓoye shi haka ba. Akawu ya ce shi ma bai taɓa gani ba.

Bayan azahar wani ɗan hadari ya sake tasowa, ya zubar da abin da ya sawwaƙa ya wuce. Ina zaune a bakin ƙofa, ruwan na sauka shuuu a kan ciyawa. Dada ta tashi, ta tafi kai tsaye wajen randa, ta ɗebo ruwa, ta miƙo min moɗa daidai hannuna, ta ce in matsa ciki feshi na taɓa ni.

Motar gishiri ce ta dawo da mu. Rafin da muka tura mota a yashinsa ya kawo ruwa har gwiwa, sai da muka jira ya janye. Mun shigo Jimeta ana kiran magariba, nan kuwa ko ɗigo ba a yi ba, mutane na ta fifita a ƙofar gida.

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan ba shi da yawa. Yanzu in na ga gajimare na hawa kan kansa, na san in tattara kayan aiki. In zan aika saƙo ƙauye kuma, zan faɗi wanda zai sauke jinka da lokacin da zai sauke ta. Sai kuma abin da ya faru shekaranjiya. Da la'asar ruwa ya sauko a Gwadabawa, ina zaune a ɗakina, ƙarƙashin kwanon da na buga da hannuna nake alfahari da shi. Na ce bari in gwada, na rufe ido. Ban jima ba na ji ɗakin ya ɓace min, ban san ina ƙofa take ba. Da na buɗe ido sai ga mai ɗakina tsaye a gabana da kwanon tuwo, ta ce tun ɗazu take min magana.

Na rufe ɗakuna da yawa a garin nan, kullum tsawo da faɗi nake tambaya. Jiya wani ya zo a yi masa rufi a unguwar Rumde, ya fara lissafa min ƙafa nawa ne, na ce ya dakata tukuna, ya fara gaya min wa zai kwana a ciki.